KUNNE ƊAYA A ZAURE

Darasi ga iyayen ƙasa da malamansu a kan yadda shafin intanet ke sauraron wanda ya taɓa shi

DALILIN WANNAN TAKARDA

An shirya wannan takarda ne domin a karanta ta a zaurukan iyayen ƙasa na Gusau da Tsafe da Bungudu, tun daga Tudun Wada har ƙauyukan bakin iyaka, a kuma yi nazarinta a tsanake.

Kowa ya sani aikin malamin gunduma ya sake kama. A zamanin En'e, watau kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kayan aikinsa su ne babban littafi da alƙalami da tawada da rasit. Yau kuwa sau da yawa sunayen da ake nema a hannunsa, ko na manoman da za a ba taki, ko na yaran da za a yi wa rigakafi, ko na bayin Allah da rashin zaman lafiya ya raba da garuruwansu, a waya ko a kwamfuta ake shigar da su, bisa wani shafi na intanet. Malami ya danna nan suna ya shiga, ya danna can suna ya fita. To, ƙarƙashin dannawar nan akwai wani tsari wanda ido ba ya gani. In tsarin ya yi kyau, ko wane mutum ya sami haƙƙinsa. In ya ɓaci, sai a share sunan wanda bai ji ba bai gani ba, ko kuwa a rubuta wani ya karɓa sau biyu alhali sau ɗaya aka ba shi. Ranar bincike kuwa malami za a kira gaban Sarki, na'ura tana ajiye.

Tsara shafi sana'ar samari ce, waɗanda ke koyonta a makarantu irin su Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013. Ba a neman uban ƙasa ya zama ɗaya daga cikinsu. Abin da ake nema shi ne wanda za a miƙa wa aikin ya san abin da zai tambaya kafin ya karɓa. Kuma ba zai yi muku wuyar ganewa ba, domin tsarin ya yi kama ƙwarai da wanda kuka gada: mai unguwa ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa uban ƙasa, uban ƙasa ya kai wa Sarki. A nan mun bi kiran da aka saba a tsohon Lardin Sakkwato, inda uban ƙasa shi ne wanda Kanawa ke ce wa hakimi, hakimi kuwa shi ne dagacinsu.

YADDA AKA GINA SHAFI

Wani Bature mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya fara kawo shawarar shafukan nan a 1989, sa'ad da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janiba. Da fari shafi na karatu ne kawai, sai kuma mahaɗa wadda ke kai mutum wani shafin. A 1995 wani ma'aikacin kamfanin Netscape na Amurka, Brendan Eich, ya tsara harshen da ake kira JavaScript, wanda da shi ake ba shafi umarni ya amsa wa mai taɓa shi. Har yau shi ne harshen da ake wannan aiki da shi.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, ko wane abu da kuka gani a shafi yana zaune ne cikin wani abu. Ku ɗauki jerin sunayen manoma. Shafi ya ƙunshi jadawali, jadawali ya ƙunshi layuka, ko wane layi ya ƙunshi sunan mutum ɗaya da maɓallansa, wani maɓallin kuma a cikinsa akwai 'yar alama, kamar zanen alƙalami ko na kwandon shara. Haka Jihar Zamfara take tun da aka yanke ta daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996: jiha ta ƙunshi ƙananan hukumomi 14, su kuma sun ƙunshi mazaɓu 147, Tudun Wada tana cikin Gusau, gidaje suna cikin Tudun Wada. Ko wane abu ubansa ɗaya ne, ba ya da biyu.

Ku lura kuma, ba da kallon ido ake sanin uban abu ba. Wanda ya bi hanyar Funtuwa daga Gusau zai wuce Kwatarkwashi kafin ya isa Tsafe, har ya zaci ƙasar Tsafe ce ko ta Gusau, alhali kuwa a lissafin ƙananan hukumomi cikin Bungudu take. Haka nan a shafi, maɓalli yana iya bayyana bisa wani akwati a fuskar waya, amma a rubutun ginin shafin yana ƙarƙashin wani dabam. Labarinsa kuwa ubansa na rubuce zai bi, ba maƙwabcinsa na gani ba.

AUKUWA DA MAI SAURARE

Duk abin da mutum ya yi wa shafi, shi muke kira aukuwa. Danna maɓalli aukuwa ce. Buga harafi aukuwa ce. Jan yatsa bisa fuskar waya, da zaɓen gari daga jeri, da aika fom, duka aukuwa ne. Manhajar da ke buɗe shafi, wadda ake kira burauza, irin su Chrome da Firefox da Safari, ita ke fara lura da aukuwa. Da zarar ta lura sai ta rubuta wata 'yar takardar labari, ta sa irin abin da ya auku, da lokacinsa, da ainihin wurin da ya auku.

Amma burauza ba ta san abin da ake nufi da dannawar ba. Ba ta san taki ba, ba ta san manomi ba. Saboda haka mai tsara shafi yakan rubuta ɗan umarni ya ɗaura shi ga wani sashi na shafin, ya ce masa, in labarin dannawa ya iso nan, ka yi kaza. Wannan umarni shi muke kira mai saurare. Yana nan zaune shiru kamar dogari a bakin ƙofa, ba ya motsi sai labarin da aka sa shi jira ya zo. In ba a naɗa mai saurare ba, ko sau ɗari aka danna maɓallin babu abin da zai gudana, sai fa abin da burauza ta saba yi da kanta.

HANYAR DA LABARI KE BI

A kan hanyar da takardar labari za ta bi aka taɓa yin babbar jayayya. A 1997 kamfanoni biyu suka fito da burauzarsu ta huɗu. Netscape ya ce labari ya fara daga sama, watau daga shafi gaba ɗaya, ya riƙa sauka har ya kai wurin da aka taɓa. Microsoft, mai Internet Explorer, ya ce a'a, ya fara daga wurin da aka taɓa ya riƙa hawa. Masu tsara shafi suka shiga uku, domin dole su rubuta aiki ɗaya iri biyu. Ƙungiyar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa a 1994 don daidaita ƙa'idodin shafuka, ita ta raba gardama a watan Nuwamba 2000, ta ce a haɗa hanyoyin biyu. Duk da haka sai a 2011, da fitowar Internet Explorer ta 9, Microsoft ya bi wannan ƙa'ida. A watan Yuni 2022 kuwa aka yi wa burauzar tasa ritaya. Yanzu hanya ɗaya kowa ke bi.

Ga yadda take. Ku ɗauka an tashi jakada daga fada zuwa wani gida inda abu ya faru. Zai sauka zauren uban ƙasa, sa'an nan na hakimi, sa'an nan na mai unguwa, har ya kai gidan. Wannan shi ne zangon sauka. Isarsa gidan shi ne zango na biyu. Sa'an nan ya juyo ta hanyar da ya bi, yana ratsa zaurukan nan ɗaya bayan ɗaya har ya koma fada. Wannan shi ne zangon hawa. Ko wane mai zaure yana da ikon ya saurari jakada, ko a tafiya ko a komowa. Amma bisa al'ada, in mai tsara shafi bai faɗi kome ba, a komowa ake saurare.

Watau ke nan, in malami ya danna maɓallin da ke gaban sunan wani manomi, maɓallin zai ji, layin mutumin zai ji, jadawali zai ji, shafi duka zai ji. A nan hikimar take.

WAKILCI: KUNNE ƊAYA MAIMAKON DUBU

A ce an ba malamin Tudun Wada jerin mutum 500, ko wane suna da maɓalli uku: ya karɓa, gyara, share. Hanyar da sabon hannu ya fi bi ita ce ya naɗa wa ko wane maɓalli mai saurarensa, su 1,500 ke nan. Ya zama kamar uban ƙasar da ya ajiye dogari a ƙofar ko wane gida na gundumarsa. Gwani kuwa tun da ya san labari zai hawo da kansa, sai ya naɗa mai saurare ɗaya tak a kan jadawalin, ya wakilci dukan maɓallan da ke ƙarƙashinsa. Wannan shi ne wakilci. Amfaninsa uku ne.

Na farko, sauƙi ga na'ura. Ko wane mai saurare yana cin ɗan wuri a ƙwaƙwalwar waya, naɗa shi kuma yana cin ɗan lokaci. Babbar kwamfuta ba za ta ji nauyin dubu ko biyu ba, amma ƙaramar waya mai araha, irin wadda aka fi aiki da ita a karkara, ita ke fara nuna gajiya in jeri ya yi tsawo.

Na biyu, kuma shi ne babba, baƙo ba ya rasa mai jinsa. Jerin sunaye ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ku dubi rumfunan zaɓe ma, waɗanda hukumar zaɓe ta ƙasa ta ƙara a 2021 har suka kai 176,846, balle jerin 'yan gudun hijira, wanda yau mutum 40 ne gobe 70. In da safe aka bi maɓallai aka naɗa musu masu saurare, sunan da aka ƙara da azahar ya zo bayan an gama naɗi. Maɓallinsa yana nan a fuskar waya, kamarsa ɗaya da sauran, amma kurma ne. Malami ya danna ya wuce, yana zaton ya rubuta, alhali babu abin da ya shiga. Da wakilci kuwa, sabon layi tun da cikin jadawali yake, labarinsa zai hau zuwa zaure kamar na kowa, kamar yadda baƙon da ya sauka unguwa jiya maganarsa ke isa ga hakimi ba sai an naɗa masa nasa mai unguwa ba.

Na uku, yana rage haɗarin ninki. Wanda ya gane sababbin layuka ba su ji, wani lokaci yakan gyara da sake naɗi duk sa'ad da aka sabunta jerin. In bai sauke na dā ba, sai tsohon maɓalli ya tara masu saurare biyu ko uku, dannawa ɗaya ta rubuta buhu uku. Mai saurare guda, wanda aka naɗa sau ɗaya tun buɗe shafi, ba ya jawo wannan.

ABIN DA KE WUYAN MAI SAURARE

Wanda ya zauna a zaure yana jin maganar gari duka, lalle ne ya iya tambaya, in ba haka ba sai ya yanke wa Audu hukuncin Tanko. Takardar labari tana ɗauke da wurare biyu, kada a gama su. Akwai mafari, watau ainihin abin da yatsa ya taɓa. Akwai masauki, watau zauren da labari ya iso yanzu, inda mai saurare ke zaune. A wakilci masauki kullum jadawali ne. Mafari shi ke sakewa, shi ne kuma abin bincike.

To, mafari yakan ruɗi mutum. Malami ya nufi maɓallin sharewa, amma yatsansa ya sauka bisa 'yar alamar kwandon da ke cikin maɓallin. Takarda za ta ce alama aka taɓa, ba za ta ce maɓalli ba. Mai sauraren da aka gaya wa ya duba ko mafari maɓalli ne, sai ya ce a'a, ya kyale. Shi ya sa ake samun maɓallin da in an taɓa gefensa ya yi aiki, in an taɓa tsakiyarsa ya ƙi. Maganin abin shi ne mai saurare ya bi asali, kamar yadda in yaro ya kawo saƙo akan tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ga matakan da ya kamata ya bi:

1. Ya ɗauki mafari, ya hau daga nan har ya sami maɓalli mafi kusa da ya ƙunshe shi.
2. In bai sami maɓalli ba, watau fili aka taɓa, ya yi shiru.
3. In ya samu, ya duba wane iri ne: na karɓa, ko na gyara, ko na sharewa.
4. Ya ƙara hawa har layin da maɓallin ke ciki, ya karanta lambar mutumin da ke liƙe da layin.
5. Sa'an nan ya aikata, in kuwa sharewa ce ya fara nuna sunan ya nemi a tabbatar.

Ku riƙe mataki na huɗu da kyau. Da lambar da aka keɓe wa mutum ake gane shi. Suna ba ya isa, domin a unguwa ɗaya ana samun Muhammadu Sani biyar. Matsayi a jeri ma ba ya isa, domin wanda yake na 12 yanzu, in aka jera sunaye bisa haruffa ko aka cire wani a samansa, ya tashi daga na 12. Shafin da ke gane mutum da matsayinsa a jeri, wata rana zai share wanda ba shi aka nufa ba.

MASU TARE LABARI A HANYA

Ko wane uban ƙasa ya san illar mai unguwar da ke danne magana, ya hana ta isa gaba. A shafi ma akwai umarnin da ke ba mai saurare ikon tsai da jakada, ya hana shi ci gaba da tafiya. Yana da ranarsa, amma samari sukan yi gaggawar amfani da shi don kashe wata 'yar matsala, su haifi babba. In aka tare labari a kan layi, mai sauraren da ke kan jadawali ba zai ji ba har abada. Haka wanda ke can sama, wanda aikinsa shi ne ya rufe akwatin zaɓi in an taɓa wani wuri, shi ma ba zai ji ba, sai akwatin ya tsaya buɗe ya rufe sunaye. Wahalar kuma ita ce babu wani gargaɗi da zai fito. Shiru kawai za a ji.

Akwai wani umarni dabam wanda ake yawan gama shi da wannan, shi ne hana al'ada. Burauza tana da abubuwan da ta saba yi da kanta: in an danna mahaɗa ta tafi wani shafi, in an aika fom ta sake buɗe shafi. Hana al'ada yana ce mata ta dakata da wannan, amma bai hana jakada wucewa ba. Ɗaya hana aiki ne, ɗaya hana labari.

Sa'an nan akwai aukuwar da bisa ƙa'ida ba ta hawa. Shigar mutum gurbin rubutu da fitarsa daga ciki suna daga cikinsu, haka shigar linzamin kwamfuta kan wani sashi da fitarsa. Ga shiga gurbi da fita an tanadi tagwayensu masu hawa, ko kuwa a tare jakada tun a zangon sauka. Wanda bai san wannan ba zai zauna a zaure yana jiran labarin da ba zai zo ba.

KADA A KAI KOME FADA

Wani zai ce, tun da haka ne, me zai hana a naɗa mai saurare ɗaya a ƙololuwar shafi ya ji kome da kome? An gwada, an ga iyakarsa. Kayan aikin nan jQuery, wanda John Resig ya fitar a 2006, ya kawo irin wannan hanya a 2009. A 2011 masu shi suka kawo wata wadda ke barin mutum ya zaɓi zauren da ya fi kusa, a 2013 kuma suka cire ta farkon ɗungum. Haka React, wanda kamfanin Facebook ya fitar a 2013, ya shekara bakwai yana tara masu saurarensa a ƙololuwar shafi, sai a watan Oktoba 2020 ya sauko da su zuwa tushen sashin da yake kula da shi, domin sassa dabam-dabam su iya zama a shafi ɗaya ba su shiga aikin juna ba.

Dalili a fili yake. In hanya ta yi tsawo, masu iya tare labari sun yi yawa, mai saurare kuma ya cika da maganganun da ba nasa ba. Rikicin iyakar gona da hakimi zai iya kashewa ba a ɗora wa Sarkin Katsinan Gusau, ko 'Yandoton Tsafe, ko Sarkin Fulanin Bungudu. A naɗa mai saurare a zaure mafi kusa wanda ya ƙunshi dukan maɓallan, wanda kuma ba a rushe shi in an sabunta jeri.

JI DABAM, ISARWA DABAM

Duk abin da muka faɗa a cikin wayar malami yake gudana. Littafin gaskiya kuwa yana can wata babbar na'urar ajiya mai nisa, sai da hanyar sadarwa ake isa gare ta. Mutanen Zamfara sun san wannan da jikinsu, tun da a watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar saboda tsaro. Shafin da aka riga aka buɗe yana iya jin dannawa ba tare da sadarwa ba, amma jin bai kai labari ma'ajiya ba. Saboda haka shafin kirki yana yin abu biyu. Yana kulle maɓalli da zarar an danna shi, ya nuna ana aikawa, don kada malami ya ga jinkiri ya sake dannawa. Kuma yana faɗin gaskiya, ko saƙo ya isa ko bai isa ba. Bayan haka, na'urar ajiya ita ya kamata ta duba ko mai sharewa yana da izni, ta kuma rubuta wanda ya yi da lokacin da ya yi, domin abin da ke cikin waya mai wayo yana iya sake shi.

SUNAYEN UMARNI

Ga su kamar yadda ake rubuta wa na'ura, domin malami ya shaida su in mai tsara shafi ya nuna masa. Naɗa mai saurare shi ne addEventListener, sauke shi kuwa removeEventListener. Mafari shi ne target, masauki currentTarget. Bin asali zuwa uba mafi kusa shi ne closest. Tare labari shi ne stopPropagation, hana al'ada preventDefault.

GWAJI KAFIN A KARƁI AIKI

Gani ya kori ji. Kada malami ya sa hannu ya ce ya karɓi shafi sai ya yi gwajin nan shida da sunayen gwaji, mai tsara shafin yana zaune, kuma a kan mafi ƙanƙantar wayar da za a yi aikin da ita.

1. Ya ƙara sabon suna, nan take ya danna maɓallinsa ba tare da ya sake buɗe shafin ba.
2. Ya danna tsakiyar maɓalli, ya danna gefensa, duka su yi aiki. Ya danna filin da ke tsakanin layuka, kada kome ya faru.
3. Ya sa mutum biyu masu suna ɗaya, ya sake jera sunayen, ya share ɗaya, ya duba wanne ya fita.
4. Ya sabunta jerin sau uku, ya danna sau ɗaya, ya ƙirga sau nawa aka rubuta.
5. Ya danna maɓalli sau biyu da sauri, ya sake ƙirgawa.
6. Ya kashe sadarwar wayar, ya danna, ya ga abin da shafin zai gaya masa, sa'an nan ya kunna ya duba ko saƙon ya isa.

In shafi ya faɗi ko da ɗaya, a mayar wa mai shi cikin mutunci ya gyara. Gyaran yini ɗaya a ofis ya fi rigimar ranar rabo sauƙi, sa'ad da mutane suka yi layi cikin rana, ko wanne yana jiran a kira sunansa.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Faɗi zangon nan uku da takardar labari ke bi.
2. Don me maɓallin sabon suna yakan zama kurma, kuma ƙaƙa wakilci ke maganin wannan?
3. Mene ne bambancin mafari da masauki?
4. Mene ne bambancin tare labari da hana al'ada?
5. Don me ba a gane mutum da matsayinsa a jeri?

Ana roƙon iyayen ƙasa su tara malamansu su bi tambayoyin nan tare, wanda ya gane ya fahimtar da ɗan'uwansa. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar talakawa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.